Tudu da Fadama: Rayuwar Ozella Whitsett

Haihuwa da Asali

An haifi Ozella Broadnax a shekarar 1912 a garin Harlow Bend da ke jihar Alabama. Mahaifinta shi ne Ephraim Broadnax, kafinta wanda daga ƙera akwatunan gawa ya koma sana'ar shirya mamata da binne su, mahaifiyarta kuwa Luvenia, mai wanki da guga a gidajen fararen fata. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya biyar, kuma ita kaɗai ce ba ta rugawa bayan gida idan an shigo da gawa.

A wancan zamani, kamar yadda doka ta raba makaranta da asibiti da kujerar jirgin ƙasa tsakanin fari da baƙi, haka aka raba ƙasar da mutum zai kwanta a cikinta. Makabartar Tudu mallakar hukumar gari ce, tana da katanga da ƙofar ƙarfe da itatuwa masu inuwa, da harajin kowa ake kula da ita, amma farar fata kaɗai ake binnewa a ciki. Mu baƙar fata aka bar mana Makabartar Fadama, can bakin kogi, inda sai an kwashe ruwa da bokiti kafin a saukar da akwati. A ambaliyar watan Maris na 1929 kogin ya haye makabartar baki ɗaya, akwatuna suka taso suna yawo cikin gonakin auduga. Ozella, tana da shekara goma sha bakwai, ta shiga kwale-kwale tare da mahaifinta suna kamo su suna ɗaurewa a jikin itatuwa. Akwatin mahaifiyarta, wadda ta rasu shekara biyu kafin nan, ba a gan shi ba har yau.

Karatu

Ta yi karatunta na farko a makarantar cocin unguwa, ta tsaya a aji takwas saboda a nan karatun ɗan baƙar fata yake ƙarewa a garin. A shekarar 1931 mahaifinta ya sayar da alfadarinsa ya tura ta birnin Nashville don ta koyi ilimin shirya gawa da magani yadda ba za ta lalace ba, ta dawo a 1933 da shaidar ƙwarewa, ta zama mace ta farko da ta riƙe wannan sana'a a duk gundumar. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma tana da wani irin kallo na tsanaki, har samarin gari suka riƙa tsokanar juna cewa duk wanda Ozella ta duba daga sama har ƙasa, awon akwatinsa take yi.

Aure da Sana'a

A shekarar 1936 ta auri Lucius Whitsett, direban motar ɗaukar gawa na mahaifinta, mutum mai fara'a wanda ke jan waƙa a coci. Da abokansa suka tambaye shi ko bai ji tsoro ba, sai ya ce, "Ai ta riga ta san tsawona da faɗina. Gara in aure ta, ko ta yi mini ragi." Bayan rasuwar mahaifinta a 1941 ragamar gidan jana'izar ta dawo hannunta, ta kuma riƙe shi fiye da shekara arba'in ba tare da ta taɓa mayar da wata gawa ba don danginta matalauta ne.

Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu: Arzetta a 1938, Thaddeus a 1941, Lenora a 1944, sai auta Cleophus a 1947. Lucius ya rasu a 1961 sakamakon ciwon zuciya, ita da hannunta ta shirya shi, aka binne shi a Fadama.

Shekarun Gwagwarmaya

Daga tsakiyar shekarun 1950, lokacin da al'ummarmu ta tashi neman 'yancin jefa ƙuri'a da kawar da dokokin wariya, malamin makaranta da mai aikin gida da manomin haya duk suna iya rasa abincinsu a wuni ɗaya idan aka gan su a wurin taro. Ozella kuwa ba ta da ubangida farar fata da zai kore ta, tun da babu farin da ke kawo mata gawarsa. Ta fahimci darajar wannan matsayi, ta kuma yi aiki da shi iyakar iyawarta. A ɗakin jana'izarta ake taro, tsakanin furanni da kujerun masu makoki, domin 'yan sanda ba sa son shiga wurin. Motocinta biyu su ke kwaso mutane daga ƙauyuka zuwa ofishin rajistar masu zaɓe, su ne kuma ke kai waɗanda aka fasa wa kai asibiti, saboda motar asibitin gari ba ta ɗaukar baƙar fata.

Har yanzu tsofaffi suna ba da labarin ranar da wani ɗan sanda ya tare ta a kan gada a 1963, ya buga gilashi da sandarsa ya ce, "Ke Ozella, me kika ɗauko a bayan nan?" Ta ce, "Mutum shida ne, yallaɓai. Abin mamaki, duk suna numfashi." A wannan shekarar aka cinna wa rumfar motocinta wuta, ɗaya ta ƙone ƙurmus. Washegari ta fito da ɗayar, ta wanke mata toka, ta kama hanya kamar ba a yi komai ba.

Gawar da ta Yi Jira

A shekarar 1967 aka kira Cleophus aikin soja na dole, yana da shekara ashirin. Yaro ne mai barkwanci irin na mahaifinsa, wanda tun yana ƙarami shi ke riƙe bokitin kwashe ruwa a bakin kabari, kuma ya tsani aikin. Ya auri Delphine, 'yar maƙwabtansu, a hutunsa na ƙarshe kafin a tura shi yaƙin Vietnam. A tashar mota, yana dariya, ya ce wa mahaifiyarsa, "Mama, in na dawo a tsaye, ki dafa mini kaza. In na dawo a kwance, don Allah kada ki sa ni cikin ruwan nan." Ta ce masa ya rufe mata baki ya shiga mota.

A watan Oktoba na 1968, shekarar da aka harbe manyan jagororin ƙasar nan biyu kuma birane suka kama da wuta, aka kashe Cleophus a fagen daga. Aka kawo gawarsa an lulluɓe akwatin da tutar ƙasa. Ozella ta sa baƙaƙen kayanta ta tafi wurin Roscoe Tillery, shugaban kwamitin Makabartar Tudu, ta nemi gurbi ɗaya. Ya ce, "Haba Ozella, kin san yadda ake yi a garin nan. Ba ni na kafa ba." Ta ce, "Na sani, Mista Tillery. Amma da takardar kiransa ta zo, ba ta ɓata hanya ta tsaya a Tudu ba, har Fadama ta gangaro ta same shi." Kwamitin ya zauna, ya ƙi. Rundunar soja ta yi tayin binne shi da cikakkiyar karramawa a makabartar sojoji da ke wata jiha, ita kuma ta ƙi, ta ce a nan aka haife shi. Ta shigar da ƙara a kotun tarayya, ta ajiye akwatin a ƙaramin ɗakin gaba na gidan jana'izar, ta ce ba za a binne shi ba sai an yanke hukunci.

Wajibi ne tarihi ya faɗi cewa ba fararen fata ne suka fi wahalar da ita a wannan lokaci ba. Rabin unguwa ya ga ta wuce gona da iri. Iyalai da dama suka fara kai gawarwakinsu wani gari don gudun fitina. Limamin cocinta, Rabaran Hosea Gaddis, ya zo har gida ya ce, "'Yar'uwa Whitsett, ƙasa duk ta Ubangiji ce, tudu da fadama." Ta ce, "Na yarda, Rabaran. Je ka gaya wa mai riƙe da makullin ƙofar." Mafi zafi shi ne na babbar 'yarta Arzetta, wadda ita ta goyi Cleophus. Bayan an shiga wata na uku ta tsaya a ƙofar ɗakin tana kuka ta ce, "Mama, ƙanena ne fa, ba allon zanga-zanga ba. Kin binne 'ya'yan kowa, ki binne naki mana!" Daga nan ta haɗa kayanta ta tafi birnin Detroit, ta yanke zumunci da gidan.

A shari'ance ikon gawar yana hannun matarsa Delphine, mai shekara goma sha tara da tsohon ciki, kuma kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta kawo ƙarshen komai. Ozella ba ta taɓa matsa mata ba. A watan Janairu na 1969 Delphine ta haifi ɗa namiji, ta kawo shi ɗakin gaba, ta daɗe a zaune kusa da akwatin, sannan ta ce, "Mama, a jira. Ina so in yaron nan ya girma ya je gaishe da ubansa ba sai ya naɗe ƙafar wando ba." Waɗanda ke gidan sun shaida cewa a ranar ne kaɗai suka ga Ozella ta yi kuka, kuma kukan ya daɗe.

A watan Mayu na 1969 kotu ta yanke hukunci cewa hukumar gari ba ta da hurumin hana wani ɗan ƙasa gurbi a makabartar jama'a saboda launin fatarsa. Aka binne Cleophus a Tudu, ɗaruruwan mutanenmu suka shiga ta babbar ƙofa, da yawansu ba su taɓa taka wurin ba sai da fartanya ko tsintsiya a hannu. Arzetta ba ta zo ba. Kafin wata ya ƙare wasu iyalan fararen fata suka tone mamatansu da ke kusa da kabarin suka mayar da su can ƙuryar makabartar, abin kunyar da jikokinsu ba sa son a tuna. Da aka kawo wa Ozella labari, cewa ta yi, "Sun kyauta. Dama yaron nan ba ya son cunkoso."

Shekarun Tsufa

Nasarar ta zo da abin da ba ta zata ba. Da aka buɗe ƙofar Tudu kowa ya nufi can, kuma babu mai zarginsu, amma cikin shekaru kaɗan ciyawa ta cinye Fadama, allunan katako suka ruɓe, kaburbura suka fara ɓacewa. Wannan ya dame ta ƙwarai. Ta mayar da kowace Asabar ranar sharar makabartar, tana zagayawa da sandarta tana faɗin sunan wanda ke kwance a kowane gurbi don a sake kafa masa alama. Bayan an zaɓi baƙar fata na farko a majalisar gari ta hana su sakat, zama bayan zama, har aka gina ganuwar tare ruwa a bakin kogin a 1978.

A 1983 ganinta ya raunana, ta miƙa sana'ar ga Thaddeus. A wannan shekarar Arzetta ta dawo gida don ta kula da ita. Ita ke dafa mata abinci, ita ke tuƙa ta Fadama duk Asabar, amma ba su taɓa tayar da tsohon zancen ba, kuma Arzetta ba ta yarda ta hau Tudu ko sau ɗaya ba. Duk ranar ziyarar kabarin Cleophus, Lenora ce ke kai mahaifiyarsu.

Rasuwa

Tun 1969 an bar gurbi ɗaya a gefen Cleophus, kuma babu wanda ya yi shakkar na wane ne. A watan Nuwamba na 1994, da rashin lafiya ya tsananta, ta tara 'ya'yanta ta ce a kai ta Fadama. Thaddeus ya ce, "Mama, bayan duk wahalar nan?" Ta ce, "Tudun nan na ɗan'uwanku ne, da jininsa ya same shi. Su kuwa na ƙasa, ni na kai su ɗaya bayan ɗaya, ina ce wa danginsu ku yi haƙuri. Ba zan bar su in haye sama ba. Gurbin kuma ku ajiye wa Delphine."

Ta rasu a ƙarshen watan, tana da shekara tamanin da biyu. Bayan addu'a a coci, motar da ke ɗauke da ita ta kama hanyar kogi, Thaddeus na tuƙi, Arzetta na gefensa. Da suka zo mararraba, Arzetta ta dafa hannun ƙanenta ta ce ya juya sama. Ayarin ya shiga ta ƙofar Tudu ya tsaya a gaban kabarin Cleophus. Ta fito ita kaɗai, ta karanta sunan da ke jikin dutsen, wanda ba ta taɓa gani ba cikin shekara ashirin da biyar, ta durƙusa ta dafa ƙasar da tafin hannunta. Waɗanda ke kusa sun ji ta ce, "A bushe take, Mama." Daga nan ayarin ya gangara, aka binne Ozella a Makabartar Fadama kusa da mijinta Lucius.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku: Arzetta Whitsett, ma'aikaciyar jinya mai ritaya, Thaddeus Whitsett, magajinta a gidan jana'iza, da Lenora Pickard, malamar makaranta. Ta kuma bar surukarta Delphine da jikoki tara, cikinsu har da Cleophus ƙarami. Ubangiji ya ba ta hutawa a tsakanin mutanen da ta zaɓi ta kwanta tare da su.