Faifan Malama Murja a Gonar Gero

Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗinki a shagon da ke manne da na Ja'afaru, a bakin hanyar shiga kasuwar Wudil. Bangon da ya raba mu na langa-langa ne, saboda haka babu waƙa ko wa'azin da aka yi yayi a shekarun nan da ban ji sau ɗari ba, kuma ba da son raina ba. Sunana Auta. In ana zancen waɗanda suka san halin Ja'afaru, bayan matarsa sai ni.

Siririn mutum ne mai ɗan gemu, ba ya son hayaniya duk da cewa da ita yake cin abinci. Da buga kaset ya fara. Da sojoji suka koma bariki sai harka ta buɗe masa, domin kowane mai neman kansila yana son a ji waƙarsa a tasha. Ga kuma jami'a da aka buɗe a garin, ɗalibai suna leƙowa suna tambaya ko yana buga faifan sidi. Ya sayar da ɗan maraƙinsa a kara, kasuwar shanu, ya tafi Kano, ya dawo da tsohuwar kwamfuta a kan cinyarsa, ya ƙi yarda a sa ta a but ɗin mota. Wata uku ya yi yana ɓata faifai kafin hannunsa ya faɗa.

Na taɓa raka shi sayen faifai a Kano, ban ƙara ba. Ni da nake taƙama da iya zaɓen yadi, ranar na ga wanda ya fi ni fitina. Sai ya zaro ɗaya ya ɗaga shi saitin rana, ya sa yatsunsa a baya. In ya hango inuwar yatsun ta ciki, ya mayar, ya ce fentin ya yi shara-shara, ba zai shekara ba. Ya shafa gefen ya ji ko akwai kaushi, ya karkata shi ya duba ko launin ƙasan ya yi dabbare-dabbare. Mai shagon ya gaji har ya koma cin gyaɗarsa. Akwai wani iri da yake saye goma-goma kawai saboda tsadarsa, ƙasansa shuɗi kamar an tsoma a marina. Wannan ba ya fito da shi don waƙar siyasa. Ya ce waƙar siyasa daga an yi zaɓe ta gama aikinta.

Wajen bugawa ma haka yake. Na'urar tana iya gudu hamsin da biyu, shi a takwas yake ajiye ta. Direba zai tsaya a kansa yana cewa, "Malam Ja'afaru, mota ta cika fa."

"To tafi, in ka dawo ka karɓa. In na ba ta gudu, kafin ka haye gada zai fara in'ina, ka dawo ka zage ni."

In yana bugawa ba a taɓa teburin, ba a kunna komai a kwamfutar, ni ma ba na jona dutsen guga. In ya gama sai ya saurara daga farko har ƙarshe, a kwamfuta, a rediyo, sannan a wata tsohuwar na'urar bidiyo mai tsirfa da ba ta karɓar kowane faifai. Sai ta karɓa yake rubuta suna a kai, ya sa a gidansa, ya goge abin daga kwamfutar domin cikinta ƙarami ne.

Duk da haka faifai yakan lalace. A ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ko wani ya zo da nasa ɗan araha ya nace sai da shi. Irin waɗannan yana jefa su cikin wata ƙwarya a gefen ƙofa. Duk Juma'a, ranar kasuwa, wani manomi, Baba Isyaku daga ƙauyen Indabo, yakan biyo ya juye su a buhunsa. Da can zaren tsohon kaset yake karɓa yana ja a gona don korar tsuntsaye. Da ya ga yadda faifai ke walƙiya in iska ta juya shi, ya ce wannan ya fi. A madadin haka Ja'afaru ba ya sayen gero da kaka.

A daminar shekara ta 2004 ne Malama Murja, wadda take koyarwa a firamare, ta zo da wani kaset a naɗe cikin ɗankwali. Mahaifinta, Malam Maikano, ya tafi aikin hajji tana 'yar shekara tara. Daga can ya ɗauki muryarsa ya aiko ta hannun alhazan jirgin farko, kamar yadda ake yi a lokacin. Kaset ya iso gida, shi kuma Allah ya yi masa rasuwa a can kafin jirginsu ya taso. Ko hotonsa ba su da shi. Mahaifiyarta, Inna Uwa, takan sa a kunna mata shi duk babbar salla, amma shekara uku ke nan ba a kunna ba, domin ya fara cijewa, suna tsoron ya tsinke.

Ja'afaru ya juya shi da biro a hankali, ya duba zaren. Ya ce, "Malama, gaskiya sau ɗaya ya rage masa a duniya. In kin yarda, a wannan ɗayan zan kwashe shi."

"Na yarda. Inna ta ce in ta ƙara ji sau ɗaya ma ya ishe ta."

Ranar Juma'a da hantsi ya yi aikin. Kaset ya daure har ƙarshe, muryar ta shiga kwamfuta, sannan wajen mayar da shi farko rediyon ya tauna zaren ya yi kaca-kaca da shi. Ja'afaru ya fito da shuɗayen nan. Na farko, aka ɗauke wuta. Na biyu, janareta ya yi tari a tsakiya, duka biyun ya jefa su ƙwarya. Na uku ya fita lafiya, na'urori ukun duk suka karɓa, ya goge na kwamfuta don ya sami wurin aikin 'yan kasuwa. Ya nemi alƙalamin rubutu a faifai, ya tarar ya bushe, ya nemi gidan sawa, babu ko ɗaya. Ga ladan ya yi kira. Mutane cike da shago suna dafa tebur, sai ya ga babu inda hannu ba ya kaiwa sai ƙwaryar nan. Ya ɗora shi a sama, ya rufe da hankici, muka tafi masallaci.

Daga nan laifin ya zama nawa, ba zan ɓoye ba. Na riga shi dawowa, domin shi in ya tsaya gaisawa a ƙofar masallaci sai ya tambayi lafiyar kajin mutum. Na tarar da Baba Isyaku yana jira, motarsu za ta tashi. Makullin Ja'afaru yana hannuna kullum. Na buɗe, na ɗauke hankicin, na juye masa ƙwaryar da hannuna, har ina ce masa yau ya yi sa'a, akwai masu kyau.

Ranar kasuwa ta ɗauke hankalin Ja'afaru. Asabar ya wuni a Kano sayen gidajen faifai. Sai Lahadi da safe na ji shiru ta bayan langa-langa, abin da ban saba ji ba. Ya leƙo, fuskarsa ta canja.

"Auta, wa ya taɓa ƙwarya?"

Na faɗa masa. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi jin daɗi. Muna fito da babur ɗina za mu Indabo sai ga Malama Murja ta biyo tambaya. Ni na so a ce mata aiki bai ƙarasa ba, amma Ja'afaru ya gaya mata komai, har da kaset ɗin da ya riga ya mutu. Ta ce, "Na gaya wa Inna gobe za ta ji shi. Allah ya sa a dace." Tausayinta ya kama ni, kunya ta hana ni kallonta.

A hanya Ja'afaru yana bayana yana ta lissafi: kwana biyu a rana, ga ruwan da aka yi jiya. Ya ce rana ce babbar abokiyar gabar faifai, ɗan araha wuni ɗaya a gaban mota ya isa ya shafe shi. Na ce ai wannan mai tsada ne. Ya ce ba a taɓa gwada mai tsadan a gonar gero ba.

Mun sami Baba Isyaku a ƙofar gida. Ya shimfiɗa tabarma, aka shiga gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya damina, ya muka ji da ruwan jiya, ya mutanen Wudil, ya kasuwa. Ja'afaru da ya fi kowa son doguwar gaisuwa, ranar a gaggauce yake amsawa. Sai da aka kawo fura muka kurɓa sannan ya sami bakin magana.

Baba Isyaku ya ce, "Af, shuɗayen nan? Ai uku ne. Biyu suna gona. Ɗaya Talatu ta ƙwace, ta ce ya fi ƙarfin tsuntsu."

Talatu matarsa ce. Ta rataye shi a bangon ɗakinta, saman jeren kwanuka. Da aka miƙo shi tas, ko ƙura babu, Ja'afaru ya rungume shi yana addu'ar Allah ya sa shi ne. Amma babu suna a kan ko ɗaya, dole a nemo sauran.

Gonar kuwa sai wanda ya gani. Gero ya fi mutum tsawo, an kakkafa sanduna an ja igiya, faifai kusan arba'in suna ta juyi suna harba haske ko'ina. Waƙoƙin kansiloli uku da na sani suna can suna gadin hatsi, aikin da masu su ba su taɓa yi ba. Muka kutsa, ƙaiƙayi yana cin wuyanmu, muna kama kowanne muna leƙa ƙasansa. Na sami ɗaya a gabas. Na ƙarshen Baba Isyaku ne ya tuna ya ba maƙwabcinsa, muka sake wata gaisuwar da wata furar kafin a kai mu. Yana can a kan sanda mafi tsawo, rana tana dukansa, tsuntsu ya yi masa kashi a tsakiya don nuna bai ji tsoro ba.

Ja'afaru ya naɗe su cikin hularsa, ya dawo gida kai a buɗe. A shago ya wanke su da ruwa, ya goge da auduga daga tsakiya zuwa baki, ba ya zagayawa. Ya fara sa na ɗakin Talatu. Kwamfuta ta yi gurnani ta tofo shi, ashe wanda wuta ta kashe ne. Na gabas ya ɗauko, ya yi sallama, ya tsaya cak inda janareta ya yi tari. Saura mai kashin tsuntsu. Ja'afaru ya yi bismilla ya tura shi, ni kuwa na fita waje don ba zan iya tsayawa ba. Ta bayan langa-langa na ji muryar wani mutum tana tafiya tiryan-tiryan, minti ɗaya, minti biyar, minti ashirin, har ya yi sallamar ƙarshe. Na dawo na tarar Ja'afaru yana dariya shi kaɗai. Nan take ya buga guda uku, a gudu huɗu, ya rubuta suna a kan kowanne da sabon alƙalami.

Litinin da la'asar muka ɗauki rediyon shago muka tafi gidansu Malama Murja. Ni na ɗauko shi a kafaɗa, ladan laifina. Aka yi mana iso har tsakar gida. Inna Uwa tana zaune a kan tabarma, tsohuwa ƙarama, ta yafa mayafin fita unguwa duk da cewa ba inda za ta. Ja'afaru ya durƙusa ya gaishe ta, ya kunna.

"Assalamu alaikum. Ni ne Maikano, daga Makka nake magana. Uwa, ina kwana? Ina gajiya?"

"Lafiya lau, Malam," in ji Inna Uwa. "Ba gajiya."

Sai muryar ta yi shiru na ɗan lokaci. Ashe da gangan ya riƙa barin wuri bayan kowace gaisuwa, don a amsa masa. Ya tambayi yara, ta ce suna lafiya, sun girma. Ya tambayi akuyar da ya bari da ciki, ta ce ta haifi biyu. Ya ce a gaya wa Murja ta daina kuka, ya sayo mata awarwaro. Malama Murja ta rufe fuska da mayafi, tana dariya hawaye yana zuba. Muryar ta matashi ce, mai ƙarfi, ɗan Inna Uwa na fari ma yanzu ya girmi mai muryar. Ni da ban san mutumin ba sai da na ji kewarsa.

A ƙarshe ya ce, "In Allah ya yarda jirgi na uku za mu taso. Sai na zo."

"Allah ya kawo ka lafiya, Malam," in ji ta.

Rediyo ya yi shiru. Inna Uwa ta gyara mayafinta, ta juyo wajen Ja'afaru.

"Ɗan nan, in na sake ji ba zai tsinke ba?"

"Ba zai tsinke ba, Inna. Ko sau nawa kike so."

"To maido shi farko. Ɗazu na yi sauri, ban gaya masa Murja ta zama malama ba."