Bikon Kan Turmi

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, har in riƙa neman carbina alhali yana wuyana, ranar da na raka ƙanena biko Dandamisa ba za ta fita daga raina ba. Har yau in na ga tsohon turmi a kife a tsakar gidan mutane sai na kau da kai, don kar dariya ta kubce mini a inda bai dace ba.

Ƙanen nan nawa uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni na goye shi. A Ikara Onarabul ake ce masa. Ba wai ya taɓa riƙe wata kujera ba. Ya nemi kansila ne wata shekara, aka kayar da shi tun a zaɓen fid da gwani, kujerar ta tafi, sunan ya zauna. Tun daga nan bai sake fita ba shadda ba, wayoyi biyu a hannu, ɗaya na ringin yana amsa ɗaya. Babbar baiwar da Allah ya yi masa kuwa ita ce, duk inda ya ce maka yake a waya, to ba nan yake ba. Da kunnena na ji shi yana cewa, "Ga mu nan mun baro Kaduna, mun kusa Zariya," hannunsa na cikin kwanon dambuna. Da na harare shi sai ya ɗaga mini gira, wai siyasa ce. Mu ma dariya muke yi, mu muka ɓata shi.

Matarsa mace ce marar hayaniya, 'yar wani dattijo mai fataucin hatsi a Dandamisa. Ta daɗe tana haɗiye wannan hali. Sai wata damina 'yar autarsu ta kamu da zazzaɓi mai zafi, har ta fara jijjiga. Uwar ta kira shi. Ya ce ga shi nan ya shigo gari, kar ta motsa, yanzu zai zo da mota. Ta zauna da yarinya a cinya tana kallon ƙofa. Ta sake kira, ya ce yana kwanar gida. Ashe yana Kudan wurin ɗaurin auren ɗan wani babba, yana layin shiga hoto. Da ta ga idon yarinya na juyewa sai ta goye ta, ta tari ɗan acaɓa cikin ruwan sama ta kai ta asibiti. Allah ya yi da sauran kwana, yarinya ta tashi. Ranar da aka sallame su matar ta wuce ɗakinta kai tsaye. Ta haɗa kayan yaranta ta tafi gidansu.

Muka tura manya. Baffanta, wato ƙanin mahaifinta, ya ce maganar ta fi ƙarfinsa. Alhaji mahaifinta yana Misra, an yi masa aikin gwiwa, kuma ya ce ba ya son ɗan aike. Mijin ya zo gidan da ƙafarsa, a kira shi, ya ji daga bakinsa. In maganar ta kwanta masa, 'yarsa ta koma ɗakinta. In ba ta kwanta ba, ya sauwaƙe mata kowa ya huta. Duk wanda ya san Alhaji ya san ba ya magana biyu.

To a wannan gefen na Dandamisa sabis ɗin waya sai ya ga dama, kiran ƙasar waje kuma kafin ka gama sallama ya lashe katinka. Abin da ya cece su shi ne maƙwabcinsu, wani dillalin tumatir, da ya kafa wani faifai a kan rufinsa mai jawo intanet, ya watsa shi cikin gida ba tare da igiya ba. Shi ne waifai. Ya ba su lambar sirrin saboda zumunci, suna kiran Alhaji ta nan su sha hira. Sai dai abin ba ya tsallako katanga sai a lungu ɗaya, kusa da rumbu, kuma can sama da kan mutum. Don haka suka kife wani tsohon turmi da ya tsage a wurin. Mai son magana da Misra sai ya hau.

A mota Onarabul ya cika mini kunne da darasi. "Yaya, ke ba ki san waifai ba. Ba kati, ba sabis, iska ce kawai. Mutum yana Misra ki ji shi kamar yana bayan ɗaki." Na ce to, Allah ya sa bakinka ya yi aikin da iskar ke yi. Abin da ya fi faranta masa rai shi ne an ce hoto ba ya kamawa a wurin, murya ce kawai. Ya maimaita wannan ya fi a ƙirga.

Mun isa bayan la'asar. An yi ruwa da safe, tsakar gida ta yi caɓa-caɓa, ga kashin kaji ga na awaki. Baffa ya tarbe mu a zaure, aka gaisa, aka tambayi damina da mutanen Ikara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shigar da mu. Surukar ƙanena ta shige ɗaki saboda kunya. Sauran matan gidan kuwa ko wace ƙofa ka duba labule na motsi. Matarsa ba ta fito ba, amma na ga ƙafarta a bakin ƙofa.

Baffa ya miƙa masa wayarsa ya ce, "Yaya Alhaji ya ce a buɗe murya kowa ya ji. Ga turmi nan."

Na ja ƙanena gefe na rage murya. Na ce, "Kawo ni in hau in riƙe maka wayar. Kai ka cire takalmi ka durƙusa a ƙasa kamar yadda ake gaida suruki, ka ɗaga murya zai ji ka."

Ya dubi taɓon, ya dubi farar shaddarsa. "Haba Yaya, jiya fa aka karɓo ta daga wurin bugu. Kuma wa zai gani? Mutumin nan yana Misra."

Gida cike da ido yake tambayata wa zai gani. A wurinsa matan da ke bayan labule ba mutane ba ne, ya kuma san kunya ba za ta bar Baffa ya tona suruki ba. A nan bai yi kuskure ba, don babu wanda ya tona shi.

Ya tattare babbar riga, ya hau turmi da takalminsa, ya dafa katanga da hannu ɗaya. Ya fi kowa tsawo a gidan, kamar mai shirin jawabin kamfe. Waya ta shiga. Muryar Alhaji ta fito a hankali, irin ta wanda ya sha jinya.

"Salamu alaikum Baba, barka da yamma. Ya jiki? Ya ƙarfin jiki? Ya baƙunta? Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne." Alhaji na amsawa da lafiya lau, madalla. Da gaisuwa ta ƙare sai Onarabul ya karya murya, har da ɗan rawar kuka a ciki. "Baba, na yi kuskure. Wallahi ga ni nan gabanka a durƙushe, gwiwa biyu a ƙasa, ina neman gafara."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baffa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Labulen da ke motsi duk suka tsaya cak.

Alhaji ya ce, "A ƙasa kake?"

"A ƙasa Baba. Shaddata ma duk ta ɓaci da taɓo, amma ba komai, girmanka ya wuce haka."

"Ikon Allah," in ji Alhaji. "To lallai an samu ci gaba a Dandamisa bayan tafiyata."

Onarabul bai gane ba, har ya ce, "Sosai kuwa Baba."

Alhaji ya ci gaba, ba faɗa, ba ɗaga murya. "Ka san farkon zuwana nan na sha wahala da mutanen gidan nan. Ƙanena ya kira ni, yana jin muryata ya sauka ya durƙusa, waya ta yanke. 'Ya'yana mata haka. Liman da ya zo duba ni ta wayar, girmansa da komai, ya ɗan rusuna kawai, ta yanke. Sai da na roƙe su na ce don Allah kowa ya tsaya a kan turminsa, na yafe durƙuson. Duk gidan nan ba a taɓa samun wanda muryarsa ta iso Misra daga ƙasa ba. Sai kai. Ga ta nan tar, kamar kana bayan ɗaki."

Wata daga cikin matan ta kasa riƙewa, dariya ta fito mata ta hanci. Onarabul ya yi tsuru-tsuru a sama. Ni kaina haushi da dariya suka haɗu mini.

"Ni an feɗe mini gwiwa, a zaune nake salla," in ji Alhaji. "Taka lafiyarta ƙalau. Amma ba durƙuson ne ya dame ni ba. Ka san abin da ya kawo yarinyar nan gida? Ba rashin zuwanka ba ne. Namiji yakan yi nisa. Da ka ce mata kana Kudan, da tun a kiran farko ta ɗauki 'yarta ta tafi asibiti. Kai ka zaunar da ita da bakinka, jikata na mutuwa a cinyarta. Yau kuma ka zo gidana, ka hau turmin matana, kana gaya mini kana ƙasa."

Nan dariya ta ɗauke wa kowa. Na tuna yarinyar a gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu, idona ya cika. Na tabbata auren ya mutu, kuma ban ga laifin kowa ba sai namu.

Sai Alhaji ya ce, "To durƙusa in ji."

Ya daɗe a tsaye. Ya dube ni, na kau da kai. Ya dubi taɓo, ya dubi ƙofar da ƙafar matarsa take. Sannan ya sauko. Ya cire takalmi. Gwiwarsa na taɓa ƙasa wayar ta yi ƙit ta mutu. Farar shadda ta nutse cikin abin da kaji da awaki suka tanada tun safe. Wannan yankewar ita ce gaskiya ta farko da na taɓa ji ta fito daga wayar da ke hannun ƙanena.

Ya yunƙura zai tashi ya sake kira, Baffa ya ce, "Zauna inda kake." Wannan ce kaɗai maganar da ya yi tun da aka fara kiran. To amma waya na ƙasa, kiran Alhaji ba zai shigo ba. Dole na karɓi wayar, na ɗaure zani, na ce bismillahi, na dafa rumbu na hau turmi da jikin nan nawa. Ina hawa kira ya shigo. Na gaishe shi na ce ya yafe ni, a tsaye nake.

"Na ji alama," in ji shi. "Ina mutumin?"

"Yana ƙasa Baba."

"Ke 'yar'uwarsa ce, ni kuma ba na ganinsa. A kira mini mai ɗakinsa, ita aka saba yi wa ƙarya."

Ta fito da yarinyar a goye. Ta tako a hankali har inda yake, ta tsaya a kansa, ta dube shi tun daga hula har taɓon da ke gwiwarsa. Na miƙa wayar wajenta gwargwadon yadda hannuna zai kai ba tare da ta yanke ba. Ta ɗaga murya, ita da ba a jin muryarta.

"Baba, yana ƙasa. Yau dai inda aka ce yake, nan yake."

Alhaji ya ce to, ya ji. Amma ba za ta koma ba sai ya dawo ya ga durƙuson da idonsa. Haka kuwa aka yi. Onarabul ya yi ta sintiri tsakanin Ikara da Dandamisa har aka yi girbi, sannan aka ba shi matarsa. A mota kuwa, ranar turmin nan da muke komowa, bai sake ambaton waifai ba. Ya nannaɗe babbar rigar ya cusa ƙarƙashin kujera, ni kuma na buɗe taga saboda wari.

Ba zan ce ya zama waliyyi ba. Na ji labarin a majalisarsu yana cewa ai shi ta kiran ƙasa da ƙasa ya sasanta maganar, shi da Misra kai tsaye. Amma matarsa ta ce mini tun daga ranar, in ya ce mata yana hanya sai ya gyara, ya faɗi sunan garin da yake.

Ni abin da na ɗauko daga Dandamisa ɗan kaɗan ne, amma ya yi mini amfani a kan 'yan siyasa, da masu neman 'ya'yana, da ni kaina. Ƙaryar da muke yi wa dariya muna cewa ba ta cutar da kowa, akwai wanda ke zaune da mara lafiya a cinya yana jira saboda ita. Kuma duk wanda ya rantse mini ya ƙasƙantar da kansa, na ji muryarsa na fitowa tar ba ko gargada, nakan fara duba a kan me yake tsaye.