Iya Sabuwa, Mai Kunun Asibitin Yara

Rana ba ta cika riga Iya Sabuwa isa ɗan asibitin yaran nan na Ƙaraye ba. Tana zuwa za ta hura wuta, ta ɗora tukunyar kunu, ta jiƙa zannuwan gado, sannan ta bi ɗakunan nan biyu da gaisuwa. Gaisuwarta kuwa ba a yi mata gaggawa. Sai ta tambayi uwa kwanan yaro, da gajiya, da mutanen gida, har da shanun da aka baro a Zoza, kunu yana can yana neman kamawa. Shekara goma sha shida ke nan tana haka, tun ana ɗibar samari zuwa yaƙin Bama, can ƙetaren teku. A takardar En'e, hukumar gargajiya, sunanta mai wanki. Wannan watan za ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ce sun gaji, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da takardar ba ta rubuta ba.

Shekara biyar da suka wuce, da bazara, ƙyanda ta ratsa ƙasar Rogo da Ƙaraye. Da ta wuce sai ta bar yara da dundumi, magariba na yi su fara karo da turmi, wasu kuma idon ya yi fari ya mutu gaba ɗaya. Aka turo Turawa likitoci uku daga Kano su binciko dalili: na ido, na jini, da na ciki. Wannan ya ɗaga fatar ido, wancan ya soki yatsa, na ukun ya matsa tumbi, da azahar su zauna gindin durumi su yi ta musu, kowa rungume da littafinsa. Iya tana shanya tana kallonsu, ta ce yaro ɗaya sun raba shi uku kamar naman watanda.

Ana cikin haka wata Bafulatana daga Jajaye mai suna Mairama ta kawo yarinya 'yar shekara uku, Turai. Idon hagu ya fara hazo. Likitan ido ya ce in aka ƙara mako ba a gano dalili ba, duka biyun za su tafi. Malam Ƙasimu disfensa shi ne tafinta, an kuma gargaɗe shi kada ya ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da aka faɗa. Aka tambayi Mairama sunan yarinya, ta yi shiru. Aka ce 'yarta ce? Ta ja mayafi ta ce, "Ta gidanmu ce." Aka ce me take ci? Ta juya ta fuskanci bango. Likitan ciki ya rubuta cewa uwa ba ta damu ba. Ya duba baya ya ga ya rubuta haka har sau goma sha ɗaya, sai suka fara cewa ai ga dalilin makantar nan, sakacin iyaye ne.

Da Malam Ƙasimu ya fito yana ba Iya labari ransa a ɓace, sai ta saki zanen da take matsewa.

"Malam, koma ka gaya wa likita ni na ce, ba kai ba. 'Yar fari ce. Wace uwa ce za ta kama sunan 'yar fari a gaban maza huɗu? Ya duba sauran ma, 'ya'yan fari ne. Ku ba ni ita."

Ta ja Mairama bakin murhu, ta miƙa mata ludayi ta ce ta taya ta gauraya. Ba ta ambaci Turai ba ko sau ɗaya.

"'Yar nan, ku a rugarku in yaro ya yi ƙyanda, me ake ba shi?"

Baki ya buɗe. Mairama ta ce kwana arba'in ba nono, ba man shanu, ba nama, ba ƙwai, sai kunu tsararo, don tsofaffi sun ce maiƙo yana mayar da ƙurji ciki.

"Ita waccan fa?"

"Yau talatin da biyu, Iya." Hawaye suka zubo mata. "Ni nake tatsar nonon da hannuna, in wuce da shi ta gabanta tana miƙo hannu."

Ranar, da Malam Ƙasimu ya kai musu wannan bayani, a karon farko likitocin nan suka shimfiɗa littattafansu a kan tebur ɗaya. Na ciki ya ce yunwar maiƙo ce, na jini ya ce abin da yake gani ke nan, na ido ya ce to, shi ke busar da idon. Kafin la'asar an ba Turai man kifi da gasasshiyar hanta. Idon dama ya washe sarai, na hagu ya tsira da ɗan tabo.

Iya ba ta tsaya nan ba. Ta hau jaki ta bi garin Fulatan, ta bi Zoza, gida gida wajen kakanni, don ta san su ke riƙe da ƙwaryar nono. Ba ta yi wa kowa gori ba. Cewa take, "Ni ma haka na yi wa nawa ɗan fari, ga shi can ya makance, jikokina ke jan sandarsa." Duk tsohuwar da ta ji wannan ba ta ƙara musu. Rahoton binciken ya tafi Kano har Kaduna da sunaye uku a kansa. Da aka gaya mata babu nata, dariya ta yi ta ce, "Da sun rubuta ma, wa zai karanta mini?"

Iya Sabuwa, ke ce kika san kunyar uwa ba ƙiyayya ba ce. Ke ce kika tona ciwon da ke ranki don 'ya'yan wasu su ga hanya. Uwar masu jinya, mun gode, kuma raina fari ne da na faɗa miki kina raye kina ji. Allah ya sanyaya gwiwoyin nan, ya haskaka miki kamar yadda kika haskaka wa yaranmu. Ku kuma matasan da ake koya wa allura da awon zafi a Kano, ku zo ku zauna bakin murhunta kafin ta tafi, ku koyi yadda ake tambayar mutum.

Ranar Juma'ar da ta wuce Mairama ta tako a ƙasa daga Jajaye da ƙwaryar man shanu, ta zo sallama. Bayan sun gama doguwar gaisuwa, ta sunkuyar da kai tana murmushi ta ce, "Iya, waccan ta ce a gaishe ki. Yanzu ita ke zura wa kakarta zare a allura."