Saura Disket Guda a Shagon Kailu

Har yau a Filinge, in aikin wuyan riga ya karkace, sai a ce ta bi ta hannun Kailu. Asalin maganar rigar wani ango ce daga Tabla. Injin surfani ya kama zane lafiya lau, ya kai ƙirji, sai ya yi wani gurnani, ya zarce da allura ya ɗinke bakin aljihu ruf. Haka ango ya ci bikinsa hannu a waje.

Ba wai Kailu bai iya aiki ba ne. Injin ne tsoho, na hannu ya sayo shi daga Kwatano, kuma ba ya karɓar zane sai daga disket, ɗan baƙin faifan nan mai kusurwa huɗu na tsofaffin ordinatar, wato kwamfuta. A cikinsu ma yana da tsirfa: mai huda ɗaya yake so. Mai huda biyu sai an liƙe ɗayar, ya karanta yau, gobe ya ce bai san shi ba.

Da Kailu ya ji cewa zafi na kashe disket, sai ya yi musu gata irin na goro: ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, ya ajiye gindin randa. Sanyi kam sun sha. Funfuna ma sun yi. Wanda ya tura sai ya shafa wa inji datti, inji kuma ya karce na gaba. Haka suka riƙa mutuwa, kowanne da zanen da ke cikinsa.

Yanzu saura guda, mai zanen da ƙasar Kurfai duka ta san shi da shi, wanda ke ciyar da gidansa. Ya kai shi Yamai wurin Zakari mai gyaran ordinatar don a kwafe, na'urar Zakari ta ƙi karanta shi. Wai da tsohon injin kaɗai ya saba, kuma irinsa an daina yi. Kwanan nan disket ɗin ya soma wani siririn kuka, kamar ana jan ƙusa bisa kwano. In Kailu zai tura shi, rediyo ma kashewa yake, ya yi bisimilla a hankali.

Ran kasuwa Naziru, abokin wasansa, ya leƙo ya tarar inji na aiki, kukan na fita. Ya tambaya yaya mai jiki, ko a ɗebo ruwa a ƙara jiƙa masa buhu.

Kailu bai ɗago ba.

"Rage murya, Naziru. Rigarka ta Salla ce bisa injin, ga shi ya kusa aljihu."