Ƙwallon Boris Ɗaya da Ya Rage

Wuyan babur ɗina ya fara ƙwas-ƙwas duk sanda na taka birki, kan kuma ya riƙa cijewa idan zan sha kwana. Makanikai uku na zaga. Na farko ya ɗaure noti ya ce an gama, na biyu ya kwance abin da na farko ya ɗaure, na uku kuwa ya rantse taya ce. Da na fara kumfar baki, sai wani mai faci ya ce, "Boris ɗin wuya ne. Je ka wurin Ƙirga-da-kanka, bayan injin niƙa. Amma ka tafi da haƙurinka, sai ya cinye maka wuni."

Ya kuwa cinye. Dattijo ne siriri, rumfarsa kwano huɗu, wurin zama sai wata tsohuwar kujerar mota. Ya ɗora gaban babur a kan kututture, ya kwance wuyan, ya zubar da tsofaffin boris ɗin, wato ƙwallayen ƙarfen nan ƙanana da kai ke juyawa a kansu. Sababbin ya juye a farin faranti ya miƙo mini.

"Ƙirga, ɗana."

"Baba, ai na yarda da kai."

"Ni ban yarda da kaina ba. Ƙirga da ƙarfi in ji."

Haka na zauna, ƙato da ni har da gemu, ina ɗaya-biyu kamar ɗan aji ɗaya. Sha tara na sama, sha tara na ƙasa. Da ya gama jera su a cikin giris, sai da na sake ƙirgawa. Haushi ya cika ni, na ce ni da rumfar nan har abada. Amma shekara shida ke nan ban kai babur ɗina wurin kowa ba sai shi.

Matarsa ce ta ba ni labarin, wata rana da ta kawo masa abinci ya tafi salla. Ta ce da ƙuruciyarsa duk layin ba mai saurin hannunsa, kafin shayinka ya huce ya kwance wuya ya mayar. Ran nan wani matafiyi ya tsaya, mai wushirya, da jan babur, ya ɗauro sabon kan keken ɗinki a baya. Sauri yake yi, ya tsaya masa a ka yana ta duba agogo. Aka gama, ya hau ya tafi. Ko sunansa ba a tambaya ba. Da mijin nata ya zo kakkaɓe tsumman da ya yi aiki a kai, sai ƙwallo ɗaya ya faɗo.

Ya ari babur ya bi hanya har mai ya kusa ƙarewa, bai cim masa ba. Washegari aka ce wani mai babur ya shige ƙarƙashin babbar mota a kwanar gada. Ya garzaya, ya tarar an kwashe komai, sai yashin da aka zuba a kan jini. Wani ya ce babur ɗin ja ne, wani ya ce baƙi. Ba wanda ya ga keken ɗinki, ba kuma wanda ya iya rantsewa babu shi.

Abokan sana'a sun yi ta faɗa masa ƙwallo ɗaya ba ya kashe mutum, su da suke mayar da wuya da ragin ƙwallo biyu ko uku kuma su kwana lafiya. Shi ma ya sani, sanin bai hana shi ramewa ba. Bai ƙara hawa babur ba, da ƙafa yake zuwa aiki. Har gobe in jan babur ya gilma, sai sifana ta tsaya a hannunsa.

"Ban taɓa ganin mutumin nan ba," in ji matar, "amma na san kamanninsa fiye da na ƙanina. Shekara ashirin da bakwai yana zaune a gidanmu."

Da yake aikina allurar dabbobi ne, ƙauyuka nake shiga, don haka duk zuwana sai dattijon ya ce in riƙa duba masa teloli ko zan ga matafiyin. Bara ya yi jinya, ya tashi hannunsa na rawa. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, na shirya ƙaryata tsaf tun daga gida.

"Baba, albishirinka. Na gan shi! Tela ne a wani ƙauye can bayan dutse. Ya tsufa, amma wushiryar na nan. Ya ce babur ɗin bai taɓa ba shi matsala ba."

Ya ajiye sifana, ya goge hannu a hankali, ya daɗe yana kallona. Ba fushi a fuskarsa ko kaɗan, abin da ya fi ƙona ni ke nan.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," ya ce. "Kai ne na tara da ya gan shi. Kowa a garinsa daban."

Na rasa inda zan sa idona.

"Kada ka damu," ya ce. "Na kusa zuwa inda zan sani."