Ranar Da 'Yata Ta Gwada Kakanta Da Kifi

Ko za a ciro ƙwaƙwalwata a wanke ta da sabulu a shanya a kan gadar Gaya ta iyakar Benin, ba zan manta ranar da 'yata ta yi wa babana jarrabawa ba.

Laifina ne. Lokacin ina jan kamiyo, babbar motar kaya, in mun kwana uku a layin duwan, wato kwastan, babu aikin yi sai kallon fim ɗin zombi a salula, gawarwakin nan masu tashi suna jan ƙafa suna cin mutane. In na dawo gida sai in karkace baki in bi yara, ihunsu har Benin ake ji. Ƙaramarsu, 'yar shekara bakwai, har leƙen salular take yi.

Sai Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Aka dawo da shi yana jan ƙafa, baki a karkace, magana sai gurnani. Yarinyar nan da yake kira amaryarsa, tana ganinsa ta ranta a na kare. Kwana goma ba ta taka ɗakinsa ba. Tsoho kullum idonsa na ƙofa, abinci ma ya fara turewa.

Da lokotoro, wato likita, ya zo duba shi, na tura masa yarinyar. Ya ce, "'Yata, zombi ƙaryar masu fim ce. Sun ƙago mutumin da komai ya mutu a kansa sai yunwa. Abin da ke ba mu tsoro ke nan, fuskar mutum babu mutum a ciki. Kakanki kuwa jini ne ya toshe wurin da ke juya ƙafa da harshe. Wurin da ya san ki yana nan garau."

Ta ce, "Sai na gwada."

Da azahar ta ɗauko soyayyen kifi a kwano, ta tsaya bakin ƙofa, ta tura shi da kara mai tsawon da zai tsallake kogi. Ni ina bayanta. Baba ya dube ta, ya jawo kwanon. Da hannu guda ya yi ta fama, yana zare ƙaya ɗaya-ɗaya, har ya yi gumi. Bai kai ko loma baki ba. Ya turo mata tsokar.

Ta juyo ta harare ni. "Baba, ƙarya kake! Zombi ba ya cire wa mutum ƙaya." Ta shige ta zauna a cinyarsa. "Kai kuma angon banza, ci mana, ka rame kamar rake!"

Ranar ya cinye har kan kifin, yana dariya da rabin baki. Ni kuwa na fita wai wani abu ya faɗa min a ido.

Har gobe ina zolaya, hali zanen dutse. Amma na koyi cewa tsoron da ka shuka da wasa, ba kai ke zaɓar wanda zai girbe shi ba.