Ranar da Farfesa Ya Ware Hannu

Ko tsufa ya kama ni, ba na jin zan manta ranar da wani abokin zamana ya tsaya kare batun bincikensa a jami'armu da ke Lembah Pantai, can ƙasar Malesiya. Farfesa muke ce masa, don tun bai gama digiri na biyu ba yake tafiya kamar shi ya haifi ilimin harsuna. Batunsa shi ne asalin sunan wata dabba da Ingilishi ke kira weasel, Jamusawa Wiesel. Mahaifinsa kuwa ya riga ya gaya masa in ya sake faɗuwa, ya tattaro kayansa ya dawo Kano.

Mako biyu ya hana mu sakat a mamak, wato shagon shayi da abinci na can. Shayi na hucewa yana zuba: tsohuwar kalmar wisula ce, wasu masana na danganta ta da wari, kamar dai bodarinmu. Na ce, "Farfesa, ka taɓa ganinta kuwa?" Ya kalle ni sheƙeƙe. "Haba malam, wannan aikin 'yan gidan zoo ne ai. Mu kalma muke bi."

Ranar kare binciken ya sha babbar riga, ya kafa hula. Minti ashirin yana ruwan bayani, daga tsohon Ingilishi zuwa yaren mutanen Sweden, har na fara jin kunyar raina shi da na yi. Sai wata dattijuwar malama 'yar Malesiya, wadda ta yi karatu a Jamus, ta gyara tabarau ta ce, "Madalla. Yaya girmanta?"

Da ya ce bai sani ba, da an wuce wurin. Amma ina! Gogan naka ya ware hannu biyu, kamar mai kwatanta ragon layya.

Malamar ba ta yi dariya ba. Ta buɗe tafin hannunta ɗaya, ta ce ƙaramarsu a nan za ta kwanta. Daga nan malaman suka bi rubutun nasa shafi-shafi, ashe rabin aikin kwafe ne. Kafin wata ya ƙare mun raka shi filin jirgi, kuma wallahi ban ji tausayinsa ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, nawa binciken kan sunayen kifi ne, kuma biyu kawai na taɓa gani. Washegarin ranar da ya ware hannu, da sassafe ina kasuwar Chow Kit, ina tambayar masu kifi ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar ba na buɗe baki kan sunan abin da ban san girmansa ba.